Daga Shaidar Huhun Goro Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Lambar da ke Bin Kaya

Kowane ɗan kasuwa a nan Kurmi ya san shaida. Buhun wake ba ya barin Dawanau, na albasa ba ya barin Aliero, sai an zana masa suna ko wata alama da fenti, domin in an sauke a Mil 12 ko Bodija a san na wane ne. Mai goro a Shagamu haka yake yi wa huhunsa, mai shanu kuwa a gadon bayan sa yake shafa nasa fentin kafin a kora su cikin tirela. Amma shaidar nan bebiya ce. Sai mai ido ya zo ya duba, sai kuma wanda ya san masu ita ya ce wannan ta gidan wane ce. To, tarihin da za mu bi yau shi ne na yadda Turawa da mutanen Gabas suka shafe shekara wajen 80 suna neman shaidar da za ta amsa da kanta in an kira ta, da kuma yadda aka wayi gari na'urar da ke karanta shaidar ta koma aljihun mai saye, har ma ita ce ke biyan kuɗin kayan.

Asalin maganar daga fagen yaƙi ta fito. Gab da Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, Ingila ta kakkafa na'urorin hango jiragen sama, watau rada, a bakin tekunta. Na'urar tana harba igiyar rediyo sama, in ta daki jirgi sai ta dawo, ma'aikaci ya ga ɗigo a allo. To amma ɗigo ai ɗigo ne, ba a san na gida ba, ba a san na abokan gaba ba. Amurkawa sun ɗanɗana kuɗarsu a kan wannan. Ranar 7 ga Disamba 1941 rada ta hango tarin jirage sun nufo Pearl Harbor, hafsan da ke bakin aiki ya ɗauka nasu ne da ake jira daga Kalifoniya, ya ce kada a damu. Ashe na Japan ne. Dabarar da Ingilishi suka fito da ita tun farkon yaƙin ita ce a sa wa kowane jirginsu wani ɗan akwati, wanda da zarar igiyar rada ta taɓa shi sai ya mayar da amsa cewa na gida ne. Wannan tambaya da amsa ta cikin iska ita ce kakar duk abin da za mu ambata a gaba.

Sai dai akwatin jirgi yana da wutarsa. Wanda ya nuna wa duniya cewa abu marar batir ma yana iya amsawa wani Barashe ne, Leon Theremin, kuma hanyar da ya bi ta isa a ba da labarinta. A watan Agusta 1945 wasu yara 'yan makaranta suka kai wa jakadan Amurka a Masko, Averell Harriman, kyautar tambarin Amurka da aka sassaƙa da katako, wai alamar zumunci. Jakada ya yi godiya, aka rataye a gidansa. Ashe a cikin katakon akwai wani ɗan ƙoƙon ƙarfe da 'yar sandar eriya, babu batir, babu igiyar wuta. In 'yan leƙen asirin Rasha suna son jin hira, sai su harbo igiyar rediyo daga waje, abin ya farka, ya mayar musu da ita ɗauke da muryar mutanen ɗakin. In sun kashe nasu injin sai ya koma gunki, duk mai bincike ba zai ji motsinsa ba. Shekara 7 yana rataye kafin a gano shi a 1952, kuma sai a 1960 Amurka ta fito da shi ta nuna a Majalisar Ɗinkin Duniya. Mai karatu ya riƙe wannan, domin zargin leƙen asiri bai taɓa rabuwa da lambar rediyo ba tun daga nan.

A 1948 wani injiniya, Harry Stockman, ya rubuta takarda a kan yadda za a yi sadarwa da ƙarfin igiyar da ta dawo. Ilmin ya samu, kayan aiki ne babu, don lokacin na'urorin lantarki manya ne, ga tsada. Saboda haka sai wata hanya mai arha ta riga ta shiga kanti.

A shekarar nan ta 1948, a birnin Filadelfiya, wani mai manyan kantunan abinci ya je wata kwaleji yana roƙon a samo masa hanyar da akawu zai san kaya da farashinsu ba tare da ya danna kowanne da hannu ba. Wani ɗalibi, Bernard Silver, ya tsinci zancen, ya kai wa abokinsa Norman Woodland. Shi Woodland ya iya rubutun wayar tangaraho tun yana yaro, mai ɗigo da ja. Yana zaune a bakin teku a Miami sai ya sa yatsunsa cikin rairayi ya ja, ya ga layuka sirara da masu kauri, ya ce ai ga rubutun. Suka sami takardar mallakar ƙirƙira a 1952, amma babu fitilar da za ta karanta da sauri, daga baya suka sayar da takardar a kan dala 15,000 kacal. Silver ma ya rasu a 1963 bai ga amfanin abinsa ba. Sai da hasken leza da kwamfuta suka yi sauƙi, sa'an nan masu kantuna da masu masana'antu na Amurka suka zauna suka yarda da tsari guda a 1973, wanda George Laurer na kamfanin IBM ya zana. Ranar 26 ga Yuni 1974, a wani kantin Marsh da ke garin Troy a jihar Ohio, aka wuce da fakitin cingam na Wrigley a gaban fitila, inji ya yi ƙara, ya nuna santi 67. Shi ne kaya na farko da aka sayar da lamba mai zane-zane, wadda yau ke jikin gwangwanin madara da kwalin sabulu a kowace tireda.

Bari in ɗan ratse a nan, don akwai abin da 'yan tireda ke yawan gardama a kansa. Lambobi 3 na farko da ke ƙarƙashin zanen, 615 na Nijeriya ne, 603 na Gana, daga 690 zuwa sama kaɗan na ƙasar Sin. Amma abin da suke nunawa shi ne ƙasar da kamfani ya yi rajistar lambarsa, ba lalle nan aka ƙera kayan ba. Kuma kowane mai injin buga takarda yana iya kwaikwayon zanen. Wanda ya ce maka kaya na asali ne don ga lamba a jiki, to ka ƙara dubawa.

Zanen nan yana da iyaka. Sai an juya kaya an nuna wa fitila, ɗaya bayan ɗaya. In ya goge ko ya jiƙe, shi ke nan. Bugu da ƙari, irin kaya yake faɗa, ba ya bambanta wannan gwangwani da ɗan'uwansa. Katan dubu na madara iri ɗaya lambarsu ɗaya ce. Mai sito kuwa abin da yake son sani shi ne wane katan ne ya fita, yaushe, ta wace ƙofa.

Ita lambar rediyo, wadda Turawa ke taƙaita sunanta da RFID, tana nan tana rarrafe a gefe. A shekarun 1960 aka fara maƙala wa tufafi wani ɗan roba mai sa ƙararrawa ta yi kuka in an fita da riga ba a biya ba. Wannan abu biyu kawai ya sani, ina nan ko ba na nan. A 1973 Mario Cardullo ya sami takardar mallaka ta lamba mai riƙe bayani. A shekarun nan ne kuma masana a Los Alamos, inda aka ƙera bam ɗin nukiliya, suka yi aiki a kan yadda za a bi sawun motocin da ke ɗauke da kayan nukiliya, kuma ma'aikatar gona ta Amurka ta roƙe su su yi wa shanu irinta, don a san wadda aka yi wa allura da wadda ba a yi wa ba. Ka ji fa, saniya ta riga rigar kanti samun lamba mai suna. Yadda take aiki kuwa ba shi da nisa da na Theremin: 'yar ƙwayar lantarki ce da ba ta fi tsabar yashi ba, an haɗa ta da siririyar eriya a jikin takarda mai gam. Na'urar karatu ta harbo igiya, eriya ta zuƙi ƙarfin, ƙwaya ta farka ta faɗi lambarta. Akwai mai amsawa daga nisan taku da yawa, kuma ana iya karanta ɗaruruwa cikin ƙiftawar ido ba tare da an buɗe katan ba.

Biyan kuɗi da ita kuwa a kan titi ya fara. A 1987 aka sa ta a wata ƙofar karɓar kuɗin hanya a garin Alesund na ƙasar Norwe, a 1989 aka sa a Dallas, mota ta wuce ba ta tsaya ba a cire kuɗin. A 1997 kamfanin mai na Mobil ya raba wa direbobi wani ɗan abu da ake ratayawa a makulli, mai suna Speedpass, a nuna wa famfo a sha mai. A shekarar ce kuma Hong Kong ta fito da katin Octopus na shiga jirgin ƙasa, wanda ba a jima ba mutane suka koma sayen burodi da lemo da shi.

Inda labarin ya yi armashi shi ne wajen jan-baki. Wani ɗan Ingila, Kevin Ashton, yana aiki da kamfanin Procter & Gamble wajen ƙarshen shekarun 1990, aka damƙa masa tallan kayan kwalliya. Ya lura akwai wani launin jan-baki da mata ke so, amma ko yaushe ya leƙa kanti sai ya tarar babu shi a kanta, alhali kwamfuta na cewa akwai, sito kuma cike yake. Watau tsakanin sito da kanta akwai wani duhu da babu mai gani. Duk wanda ya taɓa barin yaro a shago ya san irin duhun nan. Ashton ya ce a sa wa kowane kaya lambar rediyo, kanta da kanta ta riƙa faɗin abin da ya ƙare. A 1999 kamfaninsa da na Gillette da hukumar da ke kula da lamba mai zane suka zuba kuɗi aka buɗe wata cibiya a jami'ar MIT, mai suna Auto-ID, tare da malamai irin su Sanjay Sarma da David Brock. Hikimarsu ita ce kada a cika wa ƙwayar kaya: a ba ta lamba guda kawai, doguwa, wadda babu wani abu a duniya mai irinta, sauran bayani kuma a ajiye a intanet. Da haka ƙwaya za ta ƙanƙance, ta yi arha. Burinsu lamba ɗaya ta sauko santi 5.

A 2003 sai abin ya zama kamar gobarar daji. A watan Janairu Gillette ta ba da odar lamba miliyan 500, don reza na cikin kayan da aka fi sacewa a kanti: ƙarama ce, ga tsada, ga saurin shiga. A watan Yuni kamfanin Walmart, wanda ya fi kowane mai kantuna ciniki a Amurka a lokacin, ya tara manyan masu kawo masa kaya guda 100 ya ce musu daga Janairu 2005 duk katan da za a kawo sitonsa sai da lambar rediyo. Ma'aikatar tsaron Amurka ta bi sahu. Aka yi ta cewa lamba mai zane ta mutu.

Ba ta mutu ba, ga shi har yau muna tare. Dalili na farko kuɗi ne: lambar ta haura santi 20 a lokacin, kuma mai kawo kaya ne zai biya, mai kanti ya ci moriya. Wane ɗan kasuwa ne zai yi murna da wannan? Da yawa suka riƙa manna lambar a bakin ƙofa don kawai a karɓi kayansu. Na biyu, igiyar rediyo ba ta shiri da ruwa da ƙarfe, ruwa yana shanye ta, ƙarfe yana watsa ta, alhali rabin kayan kanti ko ruwa ne a kwalba ko abinci a gwangwani. Sannu a hankali Walmart ya sassauta, maganar ta lafa.

Dalili na uku shi ne mutane sun tsorata, kuma a ganina suna da hujja. A watan Maris 2003 aka ji kamfanin tufafi na Benetton zai saka lamba miliyan 15 cikin riguna. Wata Ba'amurkiya, Katherine Albrecht, da ƙungiyarta suka yi kiran a ƙaurace wa kayansa, suna cewa rigar da ka saya za ta riƙa faɗin sunanta ga duk mai na'ura har bayan ka sa ta a jikinka. Kamfanin ya janye. A shekarar dai aka gano wani kantin Tesco a Kambirij yana gwada wata dabara: da zarar mutum ya ɗauki fakitin reza daga kanta, kamara ta ɗauki hotonsa bai sani ba. A Jamus kuma kamfanin Metro ya buɗe kantin gwaji a garin Rheinberg, a 2004 aka gano ya ɓoye ƙwayar a cikin katin rangwame na masu saye, tilas ya canza kati wajen 10,000. Ba su yi nisa da kyautar da aka kai wa jakada ba.

Inda lambar ta sami gindin zama daga baya shi ne wajen tufafi, domin yadi ba ruwa ba ne, ba ƙarfe ba, kuma riga ɗaya tana da launi da girma iri-iri, ƙirgarsu da hannu azaba ce. Walmart ya dawo ta nan a 2010 da wandunan jins, masu Zara suka baza ta a kantunansu daga 2014, Decathlon da Uniqlo ma haka. A kantin Uniqlo mutum zai zuba tufafin da ya zaɓa cikin wani ɗan kwami, nan take allo ya jero su duka da jimillar kuɗi. Masu kawo gwanjo su duba takardar wuyan wasu riguna a hasken rana, za su ga zanen eriyar a ciki.

To, ina wayar hannu ta shigo? A 1997 a Helsinki aka kafa injin sayar da Coca-Cola wanda ake biya da saƙon tes. Amma Japan ce ta haɗa abin sosai. A 2004 kamfanin NTT DoCoMo ya fito da waya mai ɗauke da irin ƙwayar katin Octopus, ƙirar Sony, suka kira ta wayar jakar kuɗi. A taɓa a shiga jirgi, a taɓa a sayi shayi. A shekarar ne Sony da Philips da Nokia suka kafa ƙungiyar tsarin NFC, watau lambar rediyo mai gajeren zango, wadda ba ta amsawa sai an kawo ta kusa kamar faɗin yatsu biyu ko uku. Da gangan aka gajarta zangon, don kada wani ya karanta aljihunka daga tsallaken titi. Waya mai NFC tana iya zama mai karatu, tana iya zama kati. Duk da haka sai da aka yi shekara 10 ana ja-in-ja tsakanin bankuna da kamfanonin waya a kan wa zai ci la'ada. Google ya gwada a 2011 bai karɓu sosai ba, sai da Apple Pay ya fito a Oktoba 2014 sa'an nan abin ya kama a ƙasashen Turawa.

Ana wannan sai wata 'yar takarda ta sha gabansu duka. A 1994 wani injiniya na kamfanin Denso a Japan, Masahiro Hara, ya gaji da koken ma'aikatan da ke haɗa kayan motocin Toyota, waɗanda sai sun karanta lamba mai zane har kusan 10 a akwati guda. Shi mai son wani wasa ne nasu da ake kira go, mai kama da darar da muke yi, ana jera duwatsu baƙaƙe da farare a gidaje. Daga nan ya ɗauko siffar lambar QR, mai murabba'i, wadda ke iya ɗaukar alƙaluma fiye da 7,000, kuma ko wani gefe ya lalace tana karantuwa. Kamfanin ya riƙe takardar mallaka amma ya ce kowa ya yi amfani kyauta. Wannan kyautar ce ta raya ta. Da waya mai kamara ta yawaita, sai ya zama mai shago ba ya bukatar sayen wata na'ura, takarda kawai zai buga ya manna a bango. A ƙasar Sin, Alipay ya fara karɓar kuɗi da ita a 2011, WeChat ya biyo a 2013, cikin 'yan shekaru har mai gasa dankali a bakin titi ya daina neman canji. Ɓarayi ma ba su yi barci ba, sukan zo da dare su manna tasu takardar a kan ta mai shago.

Akwai abin da ya kamata mu lura da shi game da Alipay ɗin nan. Lokacin da aka kafa shi a 2004, aikinsa na farko lamuni ne. Mai saye a intanet bai san mai sayarwa ba, kowa na tsoron kowa, sai kamfanin ya ce a ba shi kuɗin ya riƙe, in kaya sun isa lafiya ya miƙa. Wannan ai aikin fatoma ne da dillali. Wani mai nazarin al'umma, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Badun a 1962 zuwa 1963, kuma abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi, na kuɗi masu yawa, babu takarda babu sa hannu, sai maganar maigida da sanin da dillali ya yi wa kowane mahauci. Abin da iyayenmu suka riƙe a ka, shi kamfanin ya zuba a kwamfuta, ya kuma ci la'adarsa daga mutum miliyan ɗaruruwa.

Wasu sun so su kore kantin ma gaba ɗaya. A 2011 kamfanin Homeplus ya manna hotunan kaya a bangon wata tashar jirgin ƙasa a Seoul, mai jiran jirgi ya ɗauki lambar abin da yake so da waya, a kai masa gida. A 2018 Amazon ya buɗe kanti a Seattle inda za ka shiga da waya, ka ɗauki kaya ka fita, kamarori su yi lissafi. A 2024 ya cire tsarin daga manyan kantunansa na abinci, kuma rahotanni suka ce akwai ma'aikata wajen 1,000 a Indiya da ke duba hotunan suna tantancewa. Ashe dai akwai yaron shago, nesa aka kai shi.

Mu a nan, wayar ta fara tantance kaya kafin ta fara biya, kuma ta wajen magani ne. Wayar salula ta shigo a 2001. A 2007 wani ɗan Gana, Bright Simons, ya kafa mPedigree a kan dabarar kankare lamba a jikin kwalin magani a aika ta tes. A 2010 hukumar NAFDAC ta ƙaddamar da irin wannan tare da kamfanin Sproxil, aka fara da wani maganin ciwon suga, daga baya aka faɗaɗa zuwa magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta. Ka kankare kamar katin waya, ka aika, amsa ta zo ko na gaske ne ko jabu. Babu rediyo a ciki, babu kamara, ƙaramar Nokia ta isa, amma tunanin su Ashton ne sak: kowane kwali da lambarsa shi kaɗai, bayani yana can a ajiye. 'Yan'uwanmu masu kemis da masu tallan magani su ne ya fi kamata su riƙe wannan, don in jabu ya kashe ɗan wani, ba a tambayar wanda ya ƙera, wanda ya miƙa ake kamawa, kuma baƙo ya fi saurin shiga hannu.

Biyan kuɗi kuwa, Babban Banki ya fara shirin rage amfani da tsabar kuɗi a Ikko a Janairu 2012, zamanin Sanusi Lamido Sanusi, amma kasuwanninmu ba su ko motsa ba. Abin da lallashi bai yi ba cikin shekara 10, wahala ta yi shi cikin wata 2. A Oktoba 2022 aka ba da sanarwar canza takardun naira 200 da 500 da 1,000, zuwa Fabrairu 2023 tsofaffi sun shige banki, sababbi ba su fito ba. Kowa ya tuna yadda tumatir ya riƙa ruɓewa a kwando, da yadda aka riƙa sayen naira da naira. Kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin, mai shayi da mai suya da mai tura ruwa duk sun buɗe asusu a OPay ko Moniepoint ko PalmPay, an rubuta lamba a kwali an rataye. Wannan kwalin shi ne QR ɗinmu. Lambar rediyon ma tana nan tare da mu ba mu lura ba: tana cikin fasfo tun 2007, tana cikin katin Cowry na shiga bas da jirgin ƙasa a Ikko, tana cikin katunan banki masu alamar igiya. A Yuni 2023 Babban Banki ya ƙayyade biya ta taɓawa a kan naira 15,000 sau ɗaya, 50,000 a yini, abin da ya wuce haka sai an danna lambar sirri.

Ribar a fili take. Fatake ba sa ɗaura kuɗi a ƙugu su bi hanyar Lokoja da dare kamar da. Amma akwai abin da nake so shugabannin kasuwanninmu su zauna a kai. Da, tarihin cinikin mutum, wa ya biya, wa ya ci amana, wa ya cancanci bashi, a hannun maigida da dattawan zango yake, kuma da shi ake ɗaga yaro har ya zama mai jari. Yanzu tarihin nan yana taruwa a kwamfutar kamfani, shi ke duba shigar kuɗinka ya yanke ko zai ranta maka, da ruwan da zai ɗora. Wanda kuma ya bar yaronsa ya buɗe asusu da sunansa don shi bai iya boko ba, ya sani a idon banki cinikin na yaron ne. Ga alat na ƙarya, ga ranar da sabis zai ɗauke kaya na kan mota.

Masu shanu su ma abin yana tafe. Bayan cutar haukan shanu ta firgita Turai a 1996, Turawa suka ce ba sa sayen naman da ba a san asalinsa ba. Botsuwana, wadda ke sayar musu da nama, ta fara a 2001 tana ɗura wa kowace saniya wani dunƙulen tangaran mai ƙwayar rediyo, ya zauna a tumbinta, daga baya ta koma ta kunne. Lambar tana faɗin mai ita da inda ta fito. Wanda ya taɓa sayen sa da kuɗinsa a kara, daga baya aka zo da 'yan sanda aka ce na sata ne, ya san darajar wannan. Wanda kuma ya san yawan shingayen karɓar haraji tsakanin Arewa da Kurmi zai tambaya a hannun wa na'urar karatun za ta kasance.

Ita kuwa tsohuwar lamba mai zane, hukumar GS1 da ke kula da ita ta sa ƙarshen 2027 a matsayin lokacin da take so injunan kantuna su iya karanta lamba mai murabba'i a madadinta. Sabuwar za ta ɗauki ranar lalacewar kaya da lambar rukunin da aka yi su, kuma wayar mai saye za ta iya karantawa kamar yadda injin akawu zai karanta. Masu sarin kayan gwangwani da ake karyarwa don kwanansu ya kusa ƙarewa, su fara lissafi da wannan tun yanzu.